Na gai da Inna a tashar da ba ta kai Damagaram

Har yau akwai yara a layinmu da ba su san sunana na yanka ba. "Anti Salula" suke ce mini. Ba da mugunta suke faɗa ba, sun tashi sun ji manya na faɗa ne suka ɗauka sunana ke nan. Ni kuwa duk sanda na ji shi sai wani abu ya tokare mini a ƙirji, ko da ina tsakiyar hira ne. An daɗe ana abu ɗaya, shi ya sa na ce bari in rubuta yadda aka yi, ko zuciyata ta yi sanyi.

Ni 'yar Damagaram ce, haihuwar unguwar Birni, ba nisa da fadar Sarki. Aure ne ya kawo ni Jos a farkon 2022. Auren zumunci ne, don kakan maigidana da kakana uwa ɗaya uba ɗaya suke. Nasa kakan ya bar gida tun zamanin Turawa ya zo haƙar kuza, ya yi aure a nan, ya hayayyafa, bai sake komawa ba sai ziyara. Nawa ya zauna. Saboda haka da aka ce za a kai ni Najeriya ban ɗauke ta ƙasar waje ba. Kano ai kasuwarmu ce, can yayyena ke saro atamfa. Mota ta tashi da safe, ta bi ta Matamai da Kwangwalam da Daura, kafin la'asar ta sauke mutum. Harshe ɗaya, alƙibla ɗaya, tuwo ɗaya. Me zai zame mini baƙo?

Sanyi ne ya fara ba ni amsa. Mu ma muna da hunturu, amma namu da rana ta ɗaga yake sakin mutum. Na Jos ba ya saki. Cikin Janairu aka kawo ni, na yi mako biyu ina kwana da safa da rigar sanyin maigidan, ruwan alwala sai an ɗora a wuta. Da damina ta zo kuma sai na ga abin da ban taɓa gani ba, ruwa tun azahar har dare, gobe ma haka, wata rana har da ƙanƙara. Ni da na tashi a garin da ake bin 'yan ga-ruwa da kuɗi a hannu ana roƙo, sai ga ruwa na gudu a kwata babu mai kallonsa. Ranar farko na fitar da duk bokitai da robobin ɗakina na tara, zuciyata na wajen Inna.

Maigidan yana sana'ar dankalin Turawa da kayan gwari a kasuwar Farin Gada. Da an sallame asuba ya fita, sai bayan magariba. Gidan babba ne, a Unguwar Rogo, akwai Hajiya mahaifiyarsa, da matan yayyensa biyu, da ƙannensa. Ba su wulaƙanta ni ba, wannan zan faɗa tsakanina da Allah. Amma hirarsu ta mutanen da ban sani ba ce, da unguwannin da ban taɓa takawa ba, rabinta kuma da Ingilishi. Kuɗi ma sai da na sake koyon ƙirga su. Mu da dala muke lissafi, abin da aka rubuta 100 a jikinsa dala ashirin muke ce masa. Nan kuwa abin da aka rubuta shi ake faɗa. Idan mai tumatir ya faɗi kuɗi sai na tsaya ina juyawa a kaina, yana kallona. Sai na koma ɗaki, na kama rediyo.

Rediyo kuwa gadona ne. Baba tela ne, kuma tun da na buɗe ido akwatin rediyonsa na kan taga kusa da keken ɗinki, an ɗaure bayansa da tsumma don kada pil, wato batir, ya zubo, an ƙara wa eriyar wata waya da ta hau har kan azara. Da safe Muryar Sahel, wadda ke magana daga Yamai da Hausa da Zabarmanci da Barbarci da Fillanci da Buzanci da sauran harsunanmu. Ya sha gaya mana cewa tun 1958 take, da sunan Rediyo Nijar, sai a 1974 aka sauya mata suna. Bayan ita sai BBC da Jamus da Amurka, kowacce da lokacinta, ba ya kuskurewa. Amma wadda yake ƙauna har cikin ransa ita ce Kaduna. Yakan ce Sardauna ne ya kafa ta a 1962 don talakan Arewa, amma Allah ya sa rabon har da mu. A kan gajeren zango yake kamo ta, mita 49, yana murɗa abin a hankali kamar mai zare ƙaya, sai ka ji muryar ta fito daga cikin shuuu ɗin nan. A shirin zaɓi sonka kuwa sunayen garuruwanmu ba sa ƙarewa: Damagaram, Magarya, Mirya, Tasawa, Maraɗi. Mutum na Legas ko Fatakwal ya aiko da kati a gai da mahaifiyarsa a Tanut, kuma ta ji. Da wannan na girma. A kaina, duk rediyon da ke Najeriya irin Kaduna ne, idan ya yi magana muna ji a gida.

To a Jos sai na tarar da tashoshi birjik a kan FM. Akwai Peace FM ta gwamnatin jihar Filato a kan 90.5, akwai Highland FM ta Rediyon Najeriya a kan 101.5, akwai ta jami'a, ga kuma na 'yan kasuwa da dama. Wata tasha daga cikinsu, wadda ba zan kama sunanta ba, tana da shirin gaishe-gaishe da Hausa ranar Juma'a da yamma, ana buga waya kai tsaye. Na yi makonni ina saurare. Wata Litinin na kira ƙanena na ce ya gaya wa Baba da Inna su zauna kusa da rediyo ranar Juma'a bayan la'asar, su nemo Jos, za su ji muryata. Daga ranar Talata kuma wayar Inna ta daina shiga.

Ranar Juma'a na yi ta bugawa, layi a cushe, sai a karo na kusan ashirin aka ɗauka. Jikina na rawa. Su biyu ne a ɗakin shirin, namiji da mace. Na yi sallama, na ce daga Unguwar Rogo nake amma ni 'yar Damagaram ce. Na ce ina gai da Babana da Innata a Birni. Sai na manta da cewa duniya na ji, na shiga yi wa Inna magana kamar tana gabana. Na ce, "Inna, kwana uku ina neman salularki ba ta shiga, ban sani ba ko rezo ne, ko kuran ne babu. In kin ji ni ki sa a kira ni." Haka muke faɗa a gida: salula ita ce waya, rezo netwok, kuran kuma wutar lantarki.

Sai namijin ya ce, "Tsaya, tsaya Hajiya. Salu me?"

Na ce salula.

Ya fashe da dariya. Macen ta ce, "Kuma ta ce kura! Kura ce ta shiga garin naku?" Suka yi ta yi, yana maimaita "rezo, rezo" yana kwaikwayon muryata, yana ja mata wutsiya yadda ban taɓa magana ba. Da ya lafa sai ya ce, "Hajiya, ai tasharmu ko Kano ba ta kai ba, balle Nijar. Wannan gaisuwa sai dai ki hau mota ki kai ta da kanki." Aka katse layin. Wanda ya bugo bayana, kafin ya gai da kowa, sai da ya ce yana gai da mai salula.

Ina zaune a bakin gado da waya a hannu, sai na ji dariyar ba daga rediyona kaɗai take fitowa ba. Tsakar gida ma an kunna. Mai shayin bakin layi ya kunna. A Farin Gada ma, kamar yadda na ji daga baya, an kunna a rumfar da ke kusa da ta maigidan, kuma 'yar Damagaram nawa ce a Unguwar Rogo da za a ce ba a gane ba? Duk wanda ban so ya ji ba ya ji. Waɗanda na yi domin su kuwa ba su ji komai ba.

Ban fita tsakar gida ba sai washegari da rana. Hajiya ce ta leƙo ta ce, "Amarya, fito ki ci abinci, abin dariya ne ai, ba abin kuka ba." Na san lallashi take yi. Amma maganar ta ƙara mini ciwo, don ni ban ga abin dariyar ba.

Da dare maigidan ya zaunar da ni ya yi mini bayani, ba tare da ya yi dariya ko sau ɗaya ba, kuma har gobe ina ganin girmansa saboda wannan. Ya ce FM kamar hasken tocila take, miƙewa take yi, inda dutse ya tare ko ƙasa ta lanƙwasa nan ta tsaya. Jos ma don tana kan tudu ne, sama da mita 1,200, shi ya sa tashoshinta ke ɗan taɓa nesa. Gajeren zango kuwa sama yake hawa ya dawo ƙasa a wata uwa duniya, shi ya sa Kaduna da Landan ke isa Damagaram. Tashar gari ta mutanen gari ce. Mu ma a Damagaram muna da irinsu, akwai Anfani, akwai reshen rediyon gwamnati, amma da yake ban taɓa yin nisa da gida ba, ban taɓa jin inda muryarsu ke ƙarewa ba.

Abin da ya fi ci mini rai sai ranar Lahadi na ji shi, da wayar Inna ta dawo. Ƙanena ya ce tun da aka sauko daga masallacin Juma'a Baba ya rufe keken ɗinki, ya sayo sabon pil, ya sa Inna ta shimfiɗa tabarma a zaure. Ya yi ta murɗawa daga wannan ƙarshe zuwa wancan har aka kira magariba. Baba ya fi ni sanin rediyo nesa ba kusa ba, ya san FM ɗin Jos ba za ta zo Damagaram ba. Amma ya ce tunda yarinyar nan ta ce a nema, a nema. Da na karɓi waya ina kuka sai ya ce, "Uwata, ai mun ji ki. Iska ce ta yi yawa, amma mun ji ki." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake ce mini haka. Na san bai ji ba. Shi ma ya san na sani.

Na daɗe ina juya maganar kalmomin nan a raina, kuma har yanzu ban ga laifina ba. Mu Faransa ta mulke mu, muka ɗauki salula da rezo da kuran da lakwal, wato makaranta. Ku Ingila ta mulke ku, kuka ɗauki netwok da caji da nepa da fensir. Wanne ne a ciki Bahaushe ya gada daga kakansa? Laifi tudu ne. Wanda ya yi mini dariya a ranar, a cikin jimla ɗaya sai ya zuba Ingilishi uku, ban taɓa jin an tsayar da shi an ce "me?" ba. Kuma in ana maganar asalin Hausa, ban ga wanda zai nuna wa Damagaram yatsa ba, garin sarakuna irin su Tanimun da Kurandaga, garin da ya riƙe babban birnin Nijar kafin a mayar da shi Yamai a 1926. A 2025 da aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, na ji labarin ne a rediyo ina wanke-wanke, na tsame hannuna na fito tsakar gida na faɗa da ƙarfi don kowa ya ji. Matar yayan maigidan ta ce, "To, Salula, an ba ku." Ko a wannan ranar ma.

Wani abin da ke ɗaure mini kai shi ne, mutanen gidan nan su ma sun san zafin a ce wa mutum baƙo. An haife su a Jos, an haifi iyayensu a Jos, amma maganar wane ne ɗan ƙasa wane ne ɗan zama ba ta ƙare a garin nan ba, kowa ya san abin da ta jawo tun daga 2001. Ina jin su suna ƙorafi a kai. Sai na ce a raina, ku da kuka san wannan ciwo, kuma jinin Damagaram na yawo a jikinku, ya aka yi harshen kakanku ya zama abin dariya a bakinku?

Duk da haka ban daina jin rediyo ba. Waccan tashar dai ban sake buga mata waya ba, ban kuma sake sauraron shirin ba. Na fi zama a kan tashoshin gwamnati, duk da labaransu kan cika da gwamna ya je gwamna ya dawo. A nan nake jin abin da ya shafi rayuwata ta yau: ranar da masu allurar rigakafi za su shigo unguwa, cigiyar yaron da ya ɓata a Taminus, sanarwar ɗaurin aure da ta rasuwa, tafsiri da azumi. A Agustan 2024 da aka sa dokar hana fita a Jos da Bukuru lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, waya ta cika da jita-jita, kowa da abin da yake turowa, amma Hajiya ta ce kada wanda ya leƙa waje sai an ji daga bakin rediyon jiha. A nan kuma na fara jin Hausar mutanen da ba Hausawa ba, Birom da Angas da Tarok da Jarawa, kowa da irin tasa karyar harshen, ana hira ana fahimtar juna, har wa'azin coci da Hausa. Ban taɓa jin haka a gida ba. Da rediyo na san sunayen Mangu da Bokkos da Barikin Ladi da Pankshin tun kafin in san hanyar kasuwar Katako. Idan garin nan na iya ɗaukar Hausa kala goma, me zai sa tawa ta gagare shi?

Bari in koma baya, zuwa 2023. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum, kafin mako ya zagayo an rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. Kuran ɗin da aka yi mini dariya a kansa ya tafi gaba ɗaya. Inna sai ta ba da waya a kai wa mai janareto a caja da kuɗi, muna magana minti biyu ta mutu. Shinkafa ta yi tsada, magani ya yi wuya. A rediyon nan Jos ina jin masu bugo waya suna muhawara a kan ko a kai yaƙi Nijar ko kada a kai, kamar ana maganar ƙwallo, ni kuwa uwata da ubana ake magana a kai. Amma zan faɗi gaskiya, mafi yawan masu bugowa da Hausa cewa suke ba a yaƙi da ɗan uwa. Wani dattijo ya ce Nijar da Arewa riga ɗaya ce, in ka yaga hannunta ka yaga taka. Ranar na yi masa addu'a har cikin sujada.

Lokacin ina da tsohon ciki. Baba ya kwanta a watan Oktoba, ciwon da ya daɗe yana ɓoyewa. Ana ratsawa ta daji a kan babur, mutane na yi kullum, na ce zan tafi. Hajiya ta ce, "Ba da wannan cikin ba, 'yar nan, ko za ki tsine mini." Maigidan ma ya hana. Baba ya rasu ranar wata Laraba, ban gan shi ba. Ƙanena ya ɗauki sanarwar rasuwar da aka karanta a rediyon Damagaram ya turo mini ta WhatsApp, muryar mai sanarwa da irin Hausarmu, yana jero sunayen 'ya'ya, har ya zo kaina ya ce "da ke aure a Jos, Najeriya". Tana cikin wayata har yanzu.

Hajiya ce ta ce a kai sanarwa gidan rediyo a nan ma. Na ce wa zai ji? Wa ya san Baba a Jos? Ta ce, "Ba a zaman makoki a ɓoye." Maigidan ya rubuta a takarda, ya kai gidan rediyon gwamnati, ya biya, aka karanta da daddare da kuma safe: tela ne a unguwar Birni, Damagaram, ana karɓar gaisuwa a gida kaza a Unguwar Rogo.

Washegari da hantsi aka yi sallama. Wasu maza uku ne masu sayar da shayi, 'yan Magarya. Bayansu wani Buzu mai gadi a Rayfield, ya zo da rawaninsa tun daga can. Sai 'yan ga-ruwa, sai masu facin takalmi, sai wata tsohuwa daga Gangare da jikanta ya riƙo, ta ce shekararta arba'in da wani abu rabonta da Damagaram, ta tambaye ni ko har yanzu ana cin kasuwar Dole ranar Alhamis. Babu wanda ya san Baba a cikinsu. Sunan garin kawai suka ji. Tsohuwar ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗiyata, ki ba ni lambar salularki." A tsakar gidan, a gaban kowa ta faɗa, kuma babu wanda ya yi ko murmushi. Na kifa kaina a cinyarta na yi kukan da ban yi ba tun ranar Laraba.

Ina zuwa wajenta yanzu duk bayan mako biyu, in kai mata fura in na dama irin ta gida, mu yi ta hira da Hausarmu. Sunan dai bai bar ni ba. Ɗana da aka haifa bayan rasuwar da kwana goma sha tara, wanda ya ci sunan Baba, ya fara magana, kuma ina fargabar ranar da zai ji ana kiran uwarsa da shi ya tambaye ni dalili.

An buɗe iyaka a watan Maris na 2024, na je gida bayan ƙaramar sallah da yaron a baya. Keken ɗinkin ƙanena ya karɓa, yana ɗan taɓawa. Inna ta rame. Ba ta son zama a zaure, ta ce shiru ya yi yawa. Rediyon yana nan kan taga inda yake, da tsummansa da wayar da ta hau azara. Na ce ta ba ni shi in tafi da shi Jos, yayana ya ce shi ne babba shi ya kamata ya ɗauka, har muka ɗan yi sa-in-sa, abin da ba mu taɓa yi ba. Inna ta ce babu mai ɗauka. Ita da ba ta taɓa kula rediyo ba sanda Baba na da rai, kullum tana ce masa kuɗin pil ya fi kuɗin cefane, yanzu kowace safiya sai ta kunna. Ba ta iya nemo tasha ba, tana tsoron ta murɗa ta ɓatar da inda ya bar shi. Wata rana magana ta fito, wata rana shuuu ɗin kawai, haka take barinsa har ta gama shara. Jiya da muka yi waya ta ce pil ya yi sanyi, na ce wa maigidan idan motar dankali za ta Kano ranar Asabar a saya mata kwali guda a ba direban Damagaram.